Yadda Ake Tayi da Sarrafa Hannu a Wasan Domino na 42

Wasan da mutanen jihar Texas ta Amurka suke kira 42 da ƙwayoyin domino ake yin sa, amma wanda ya saba da dominon da ake jera ƙwayoyi a kan tebur, bakin wannan ya haɗu da bakin waccan, gara ya ajiye abin da ya sani a gefe, domin a nan ba a jera komai. Mutum huɗu ne suke zama, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokin wasansa, a kowane zagaye kuma kowa ya jefa ƙwaya ɗaya, wanda tasa ta fi ƙarfi ya kwashe duka huɗun, kamar yadda ake yi a wasu wasannin karta.

Wannan kama da karta tana da dalili. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, a shekarar 1887, a wani ƙauye mai suna Trappe Springs wanda yanzu ake kira Garner, an kama wasu yara biyu, William Thomas mai shekara 12 da Walter Earl mai shekara 14, suna wasan karta, abin da iyayensu mabiya ɗarikar Baftis suke ɗauka ƙofar caca ce, alhali ba su ga laifin domino ba. Sai yaran suka ɗauko tsarin karta suka ɗora wa domino. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɓoye karta a ƙarƙashin katifa ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A 2011 majalisar dokokin Texas ta ayyana 42 a matsayin wasan domino na jihar, kuma ana yin gasar zakarun jiha kowace shekara a garin Hallettsville.

Ƙwayoyin 28 ne, daga 0-0 zuwa 6-6. Ana kife su a cakuɗa, kowa ya ja bakwai, babu abin da zai saura, saboda haka zagaye bakwai ake yi a kowane rabo, kuma kowane zagaye maki ɗaya ne ga ɓangaren da ya ci shi. Bayan wannan akwai ƙwayoyi biyar masu maki, wato waɗanda jimillar ɗigonsu ta kama biyar ko goma: 5-5 da 6-4 goma-goma, sai 5-0 da 4-1 da 3-2 biyar-biyar. Idan aka haɗa 35 na waɗannan da 7 na zagaye sai a sami 42, inda wasan ya samo sunansa.

Kowace lamba dangi ce mai ƙwayoyi bakwai. Babbar kowane dangi ita ce tagwai, wato mai lamba ɗaya a ɓangarorinta biyu, sauran kuma suna biyo ta bisa girman ɗaya ɓangaren nasu. A dangin uku, alal misali, 3-3 ce a sama, sai 6-3, 5-3, 4-3, 3-2, 3-1, 3-0. Kafin a jefa komai ana yin tayi, wato mutum ya faɗi yawan makin da shi da abokinsa za su ci, kamar dai a kasuwa, sai dai a nan kowa sau ɗaya yake magana, daga wanda yake hagun mai cakuɗawa, kuma ba a taya ƙasa da 30. Wanda tayinsa ya fi na kowa shi zai zaɓi dangin da zai rinjayi sauran, wanda za mu kira dangin sarauta, kuma shi zai buɗe zagayen farko. Duk ƙwayar da take ɗauke da lambar sarauta ta bar ɗaya danginta ke nan har rabon ya ƙare. Idan aka buɗe da ƙwayar da ba ta sarauta ba, babbar lambarta ita ce dangin da aka kira, kuma dole ne mai wannan lamba a kowane ɓangare na ƙwayarsa ya bi. Wanda ba shi da ita ne kaɗai yake da 'yancin sa sarauta ko ya zubar da abin da ya ga dama. Ka riƙe wannan da kyau, domin yana nufin ana iya kiran 6-4 ta ƙofar shida, ana kuma iya kiranta ta ƙofar huɗu.

Ka ƙirga asararka kafin ka buɗe baki

Kuskuren sabon ɗan wasa shi ne ya dubi hannunsa ya tara makin da ya gani, idan ya ga 6-4 da 5-0 da 4-1 sai ransa ya yi fari ya ɗaga tayi, alhali kallon kitse yake yi wa rogo, domin ƙwaya mai maki wadda ba za ta iya cin zagaye da kanta ba kaya ce da kake ɗauke da ita zuwa gidan wani. Lissafin da ya kamata a yi na asara ne. Wanda ya taya 30 ya ce shi da abokinsa ba za su rasa fiye da maki 12 ba, wanda ya taya 31 ya rage wa kansa zuwa 11, wato ƙwayar goma ɗaya da zagayen da ta tafi a cikinsa. Daga 32 zuwa 35 ba a jure asarar ƙwayar goma ko kaɗan, sai ta biyar guda ɗaya, kuma abin da ya bambanta waɗannan lambobi huɗu shi ne yawan zagayen banza da za ka iya saki. Shi ya sa tsakanin 31 da 32 akwai rata mai faɗi, tsakanin 32 da 35 kuwa kusan babu, kuma hannun da ya isa 32 sau da yawa ya isa 35. Haka 36 take iyakar mai jure asarar biyar da zagaye ɗaya, daga 37 zuwa sama kuma ko 3-2 ce ta kuɓuce maka an karya ka.

Ɗauki wannan hannu: 3-3, 6-3, 5-3, 3-1, 5-5, 1-1, 6-2. Idan ka mai da uku sarauta, kana da manyan ukun farko da ƙarama ɗaya, waɗanda suke waje kuma su ne 4-3, 3-2 da 3-0, kuma ko da a hannun mutum ɗaya suka taru, jifa uku za su zare su duka, 3-2 ta zo maka da makinta biyar. Bayan an share sarauta babu mai taɓa 5-5 da 1-1. Ƙwaya ɗaya ce ta rage wadda ba sarauta ba kuma ba tagwai ba, wato 6-2, irinta muke kira ɓaraka, kuma dukan tayinka a kanta ya rataya, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ranar da ka jefa ta, shida ka kira, kuma 6-6 da 6-5 da 6-4 duk suna waje. Abin da ya fi yiwuwa cikin munanan abubuwa shi ne abokin hamayya ɗaya ya ci da 6-6, ɗayan ya ɗora masa 6-4, maki 11 su tafi. Saboda haka wannan hannu, duk kyansa, 31 ne kuɗinsa. Yana iya fin haka muni, idan wani ya ci da 6-4 ɗin kanta, abokinsa da ba shi da shida ya ƙara masa 5-0, amma wanda zai jira hannun da babu irin wannan haɗari a cikinsa ba zai taɓa yin tayi ba.

Yanzu cire 6-2 ka sa 2-1 a madadinta. Ƙaramar ƙwaya ce da ba za ta ci komai ba, amma dangin lamba biyu take kira, kuma ƙwaya mai maki guda ɗaya da take dangin biyu, wato 3-2, ta riga ta koma sarauta. Zagaye ɗaya za ka rasa, sai abin da wanda ba shi da biyu zai iya zubawa a kai, don haka hannun ya tashi daga 31 zuwa 35 ko 36. Daga nan za ka gane cewa ba girman ɓaraka ake dubawa ba, ƙofar da take buɗewa ake dubawa. Ƙofar biyar maki 15 ne a bayanta, 5-5 da 5-0. Ƙofar huɗu ma 15 ne, 6-4 da 4-1. Ƙofar shida goma. Uku da biyu da ɗaya da sifiri kuwa biyar-biyar. Kuma tunda abokan hamayya suna iya karɓar jagora, wato su ci zagaye su buɗe na gaba, su kira ƙaramin ɓangaren ƙwayarka, ɓangarorin biyu ake aunawa, abin da ya sa 5-4 ta zama mafi sharrin ɓaraka a hannun da ba shi da 5-5 ko 4-4. A hannunmu na misali kuwa, da yake 5-5 tana nan, 5-4 ba abar tsoro ba ce sosai: ka fara jefa 5-5, idan 6-5 ta faɗo a ƙarƙashinta, 5-4 ta zama babbar danginta, babu mai kama ta.

Yawan ƙwayoyin sarauta shi ma lissafi ne da kowa zai iya yi da kansa. Ƙwayoyi 21 ne ba ka gani, bakwai daga ciki suna hannun abokinka, saboda haka duk ƙwayar da kake fata tana wurinsa, sau ɗaya cikin uku ne za ta kasance a can, sau biyu kuma tana hannun masu neman kayar da kai. Idan kana da sarauta huɗu, yiwuwar ukun da suka rage su taru a hannun abokin hamayya ɗaya kusan sau ɗaya ne cikin 19. Idan uku gare ka, yiwuwar ɗayansu ya riƙe uku ko huɗu ta kai kusan sau ɗaya cikin shida, kuma idan hakan ta faru sarautarka za ta ƙare kafin tasa ko tare da tasa. Ana yin tayin 30 da sarauta uku, ana kuma ci, amma sai in akwai tagwai ta dangin a ciki da wasu tagwaye biyu a gefe. Sannan ka dubi abin da babu a cikin sarautar taka. Mai riƙe da 4-4, 5-4, 4-2 da 4-0 yana ganin sarauta huɗu, amma 6-4 tana waje, kuma idan mai ita yana da wata huɗu da zai ba da a zagayen farko, to ta tsira ta zama babba, maki 11 ke nan sun tafi tun ba a zo kan ɓaraka ba. Mai da biyar sarauta ba tare da 5-5 a hannu ba ya fi wannan muni, domin babu dabarar da za ta ƙwato ta.

Inda kake zaune da yadda ake rubuta sakamako su ma suna canja tayi. Wasu suna tara maki har 250, amma yawanci da alama ake wasa: wanda ya cika tayinsa ya sami alama ɗaya, idan aka karya shi abokan hamayya su samu, kuma alama bakwai ce take kawo ƙarshen wasa, har 'yan Texas sukan ja layukan bakwai su fitar da kalmar ALL, uku na harafin farko, biyu-biyu na sauran. A wannan tsari tayin 30 da na 41 ladansu ɗaya, don haka wanda ya cakuɗa, da yake shi ne na ƙarshen magana, ba shi da dalilin ƙara fiye da ɗaya a kan abin da aka taya, wanda ya fara magana kuwa gara ya faɗi cikakken kuɗin hannunsa tun da farko, tunda ba za a sake dawowa kansa ba. Kada ka haye tayin abokinka sai in naka hannun ya yi masa nisa ƙwarai, domin tagwayenka a ƙarƙashin sarautarsa sun fi amfani da sarautarka a kan hannunsa da bai dace da ita ba. A teburan da yawa, idan mutum ya taya 30 tun da wuri abokinsa yakan fahimci cewa yana da tagwaye na taimako. Akwai kuma damar mai da tagwaye su zama sarauta, ko a yi wasa babu sarauta sam, da wasu ƙarin nau'o'in tayi irin su Nello, inda mai tayi yake alkawarin ba zai ci ko zagaye ɗaya ba. Waɗannan kowane gida da al'adarsa, sai a daidaita a kansu kafin a zauna.

Idan tayi ya faɗo a kanka

Aikin farko shi ne zare sarautar da take hannun abokan hamayya, domin kowace tagwai da ka jefa alhali wani yana da sarauta a ɓoye, sadaka ka yi da ita, kuma 5-5 da aka yanke da ƙaramar sarauta irin 3-0 ita ce asarar da ta fi ciwo a wannan wasa. Ka buɗe da tagwai ta sarauta, ka ƙirga waɗanda suka faɗo, bakwai ne duka-duka. Amma ka kula da wanda ya bi da wanda bai bi ba. Idan abokan hamayya biyun sun kasa bi, sarautar da ta rage a waje ta abokinka ce, kuma sake kiran sarauta a lokacin ɓarnar ƙwaya biyu ce a kan zagaye ɗaya; ka bar masa ita, da ita zai yanke ɓarakarka idan ba shi da danginta. Idan kuma babbar sarauta ɗaya ta maƙale a waje, ka fito da ita da ƙaramar taka, kada ka ba da taka mai bin ta a girma a banza, kuma ka yi hakan tun abokinka bai zubar da tagwayensa ba.

Lokacin sakin ɓaraka shi ne inda gwanaye suke bambanta da saura. Koma ga hannunmu na farko. A ce jifa biyu sun share sarauta, ka jefa 5-5 da 1-1, waɗanda suke iya janyo 5-0 da 4-1, suna kuma ba abokinka damar zubo maka maki, sannan ka ƙara da 5-3, ya rage maka 3-1 da 6-2. Mutane da yawa sukan jefa 3-1 su bar ɓaraka a ƙarshe, suna jinkirta abin da suke tsoro, kuma a ganina wannan kuskure ne. A ce na damarka yana riƙe da 6-1 da 4-1, abokinsa kuma yana da 6-6. Idan ka fara da 3-1, zai zubar da 6-1 cikin kwanciyar hankali, a zagayen ƙarshe kuma 4-1 ta faɗa kan abin da abokinsa ya ci. Idan kuwa 6-2 ka jefa a zagaye na shida, dole ya bi da 6-1, sannan 4-1 ta zo maka a zagaye na bakwai a ƙarƙashin sarautarka. Zagayen da ka rasa ɗaya ne a hanyoyin biyu, amma maki biyar sun sauya gida. Idan ɓarakarka biyu ce, ka saki ta farko da wuri fiye da haka, lokacin da kowa yake da ƙwayoyi da yawa, wato lokacin da ya fi yiwuwa kowa yana da dangin da aka kira, ba shi da sukunin zubo maki, kai kuma kana da sarautar da za ka dawo da jagora hannunka.

Aikin abokin mai tayi

Magana da ido da ƙwanƙwasa tebur duk haramun ne, har shirya alamu a ɓoye tsakanin abokai ana ɗaukarsa maguɗi, saboda haka abin da mutum ya jefa shi ne harshensa. Ka ba abokinka maki a duk zagayen da ka tabbata nasa ne, kuma tabbaci ake nufi, ba zato ba: idan ya buɗe da tagwai ta sarauta ko da babbar da ta rage, ka zuba, idan ya buɗe da ƙaramar sarauta, yana gaya maka cewa akwai babba a waje, kuma akwai abokin hamayya da zai jefa bayanka. Wajen zubawa 6-4 ce ta farko, domin ana kiranta ta ƙofa biyu kuma a kowace akwai wadda ta fi ta, 5-5 kuwa tana iya jira, tunda da kanta take cin danginta kuma wataƙila ita ce za ta tare masa ɓarakar biyar. Idan babu maki da za ka ba shi, ka zubar da ƙananan ƙwayoyi ka adana tagwaye, musamman 6-6 da 4-4, waɗanda suke tsare ƙofofin da goma take shiga.

Akwai wani yanayi da yake bukatar tunani. Abokinka ya mai da huɗu sarauta, ya buɗe da 4-4, kai kuma kana da 6-4 da 4-3. Idan ka ba da 6-4 nan take, goma ta shiga aljihu kuma hankalinsa ya kwanta. Amma da zarar 4-4 ta wuce, 6-4 ce babba, babu mai iya kama ta, don haka idan kana da tagwaye biyu ko uku, ya fi kyau ka ba da 4-3, ka bari ya nemi 6-4 da ƙaramar sarauta, ka karɓi jagora da ita, ka jero tagwayenka shi kuma yana zubar da ɓarakarsa a kansu ɗaya bayan ɗaya. Idan ba ka da abin jagoranci, ka ba shi tun farko. Haka nan duk lokacin da jagora ta faɗo hannunka ba ka da tagwai, ka kira dangin da makinsa ya riga ya fita, kamar biyu bayan 3-2 ta wuce, domin ya yanke ya ci gaba da shirinsa, kada ka kira huɗu ko biyar ko shida ka buɗe ƙofar da shi ya yi ta kaffa-kaffa da ita.

Karya tayi

Masu tsaro, wato abokan hamayyar mai tayi, su fara da cire tayin daga 43, abin da ya fito shi suke nema: 13 a kan tayin 30, 12 a kan 31, 8 a kan 35. Dama sau ɗaya ko biyu take zuwa a rabo, kuma alamarta ita ce mai tayi ya jefa ƙwayar da ba sarauta ba kuma ba tagwai ba. Na damar mai tayi, da yake shi ne na ƙarshen jifa, yana ganin komai kafin ya yanke shawara. Na hagunsa ne yake cikin duhu. A ce an jefa 6-2, kai ne na biyu, kana da 6-4 da 6-1, ba ka san inda 6-6 take ba. Tsoro zai ce ka ba da 6-1. Amma tunda mai tayi bai fara da 6-6 ba, galibi ba ta hannunsa, wato ko dai tana wurin abokinsa ko wurin naka, rabi da rabi, 6-4 da ka adana kuma yawanci a ƙarƙashin sarautarsa za ta ƙare. Ka jefa ta. Idan jagora ta zo hannunka, ka kira dangin da yake da maki a waje da tagwai ɗinsa, 6-6 ko 4-4 su nemo 6-4, ko kuma ka kira dangin da mai tayi ba shi da shi domin ka tilasta masa kashe sarauta, musamman idan ka lura da sarauta uku kawai ya fara. Wanda yake riƙe da sarauta biyu ko uku a ɓangaren tsaro ya lallaɓa su, kada ya yanke zagayen da abokinsa ya riga ya ci.

Komai yana juyawa idan tayi ya kai 42, wato alama ɗaya, ko 84, alama biyu, domin mai tayi ya yi alkawarin cin zagaye bakwai duka, kuma zagaye ɗaya ko da babu maki a cikinsa ya isa ya karya shi. A nan 5-0 da 4-1 ba su da wata daraja ta daban, abin tambaya kawai shi ne wace ƙwaya ce za ta kama jifarsa ta ƙarshe. Mai tayin 84 da wuya ya shigo da ɓaraka tsirara. Yawanci yana da tagwai a gabanta. A ce ya mai da ɗaya sarauta, hannunsa 1-1, 6-1, 5-1, 4-1, 6-6, 5-5 da 5-3, shirinsa shi ne ya bar 5-5 da 5-3 a ƙarshe, yana fatan 6-5 da 5-4 su faɗo a hanya. Kai kuma, bayan zagaye huɗu, 3-3 da 5-4 da 5-0 suka rage maka, ya jefa 6-6, dole ka saki ɗaya. Hannu yakan tafi kan 5-0, domin sakin tagwai yana da wuya a zuciya. Amma 3-3 da take hannunka shaida ce cewa ba shi da ɓaraka mai kariya a dangin uku, alhali 5-5 ba ta fito ba kuma ba ta wurinka. Ka saki 3-3. A zagaye na shida ka ba da 5-0 a ƙarƙashin 5-5, a na bakwai 5-4 ta kama 5-3, alama biyu su dawo ɓangarenku. Da ka saki 5-0 tun farko, da 5-5 ta zare 5-4, 3-3 kuma ba za ta tsinana komai ba a kan ƙwayar da aka kira da sunan biyar. A wurare da yawa, idan tayi ya kai wannan matsayi, ana ɗora ƙwayoyin da aka ci a kan juna yadda zagaye biyun baya kaɗai ake gani, saboda haka tun daga jifar farko ka riƙa ƙirga tagwayen da suka fito a zuciyarka, da dangin da abokinka yake zubarwa, domin dangin da ya saki kai ya bar wa tsaronsa.